JAYAYYAR KIRISTOCI A KAN ZUBAR DA CIKI: IDAN RA'AYI YA RIGA NASSI

 

A ranar 24 ga watan Yuni na shekarar 2022, Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe hukuncin da ita kanta ta yanke a ranar 22 ga watan Janairu na 1973 a shari'ar da aka sani da Roe da Wade, hukuncin da ya mayar da zubar da ciki wani haƙƙi da tsarin mulki yake karewa a duk faɗin ƙasar. Alƙalai biyar daga cikin tara ne suka goyi bayan rushewar, sai al'amarin ya koma hannun jihohi, kowace ta kafa dokar da ta ga dama. A ranar, wasu Kiristoci sun cika majami'u suna godiya ga Ubangiji, wasu Kiristocin kuma sun fito tituna suna kuka, kuma kowane ɓangare yana riƙe da Baibul a hannu.

A watan Satumba na shekarar 2022, gwamnan jihar Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa aka kafa allunan talla a wasu jihohin da suka tsananta doka, yana gayyatar mata su zo jiharsa a zubar musu da ciki. A kan wasu allunan har ya ɗora ayar Markus 12:31, wadda take umurni da son maƙwabci. A watan Fabrairu na 2024 kuma, Kotun Ƙoli ta jihar Alabama ta yanke hukunci cewa ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka haɗa a asibiti aka daskarar da su a cikin sanyi, 'ya'ya ne a idon doka, kuma babban alƙalin kotun, Tom Parker, ya kafa hujja da littafin Farawa da na Irmiya. Littafi ɗaya ke nan, hukunci biyu masu karo da juna.

Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan rikici ya samo asali ne daga wata cuta guda: mutum ya fara yanke hukunci a zuciyarsa, sannan ya shiga littafi yana farautar ayar da za ta mara masa baya. Wannan cuta kuwa ba ta san bambancin addini ba. Mu da muke kira dare da rana a koma ga Alƙur'ani da Sunna, mu ne mafi cancantar mu yi nazarin yadda ta kama wasu, domin Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

LITTAFIN BAI AMBACI MAS'ALAR KAI TSAYE BA

Tushen matsalar shi ne babu wata aya, a Tsohon Alkawari ko Sabon Alkawari, da ta ambaci zubar da ciki da gangan ta yanke hukunci a kansa. Wannan ba ƙagen abokan gaba ba ne. Fafaroma John Paul na 2, wanda da wuya a sami wanda ya fi shi tsananin adawa da zubar da ciki a zamaninsa, ya yarda da haka a cikin wasiƙarsa mai suna Evangelium Vitae ta shekarar 1995. Ya bayyana cewa nassosin littafinsu ba su yi magana kai tsaye a kan zubar da ciki da gangan ba, sai dai girmamawar da suke nuna wa ɗan tayi ta isa a ce dokar hana kisa ta haɗa da shi. Sannan ya jingina hukuncinsa ga hankali da ɗabi'ar halitta da kuma al'adar coci da aka gada.

Cocin Katolika yana da wannan mafita saboda bai taɓa cewa littafi kaɗai ne tushen hukunci ba. Amma 'yan Furotesta, musamman masu ra'ayin bishara, tun zamanin Martin Luther a ƙarni na 16 suka ginu a kan cewa littafi kaɗai ne hujja. To, wanda ya ɗauki wannan aƙida, sannan ya tarar littafin ya yi shiru a kan mas'alar da ta fi damunsa, ɗayan biyu ne: ko ya yi gaskiya ya ce wannan fahimtata ce, ko kuma ya matse aya har ta faɗi abin da yake so. Da yawa daga ɓangarorin biyu sun zaɓi hanya ta biyu.

AYOYIN MASU HANI

Masu hana zubar da ciki sun fi dogara da wurare uku. Na farko, Zabura ta 139 daga aya ta 13 zuwa ta 16, inda mawaƙin yake yabon Ubangiji da ya haɗa gaɓoɓinsa tun yana cikin mahaifiyarsa. Na biyu, Irmiya 1:5, inda aka nuna Ubangiji ya san Irmiya kuma ya zaɓe shi tun kafin a siffanta shi a ciki. Na uku, Luka 1:41, inda aka ba da labarin cewa Annabi Yahaya (A.S.) ya motsa a cikin mahaifiyarsa lokacin da ta ji gaisuwar Nana Maryamu. Sukan ƙara da cewa kalmar Girkanci da Luka ya kira ɗan cikin da ita, ita ce ya kira jariri da ita a babi na 2.

Abokan jayayyarsu suna ba su amsa da cewa Zabura waƙar yabo ce, ba a saukar da ita a matsayin babin hukunci ba. Ayar Irmiya kuwa tana magana ne a kan ilimin Ubangiji da ya rigayi halitta, don haka idan an ce ta tabbatar da samuwar mutum, to ta tabbatar da samuwarsa tun kafin a ɗauki cikinsa, abin da babu mai faɗa. Labarin Luka kuma, babin da kansa ya ce cikin yana wata na shida, saboda haka bai warware komai ba game da makonnin farko, inda a nan ne ainihin rigimar take.

Adalci ya wajabta mu ce waɗannan wurare uku suna nuna abu guda a fili: marubutan suna ganin ɗan tayi a matsayin halittar Ubangiji mai daraja, wanda yake ƙarƙashin kulawarsa. Abin da ba su bayyana ba shi ne lokacin da rai yake shiga, da hukuncin wanda ya zubar, da yadda za a yi idan ran uwa yana cikin haɗari.

AYOYIN MASU HALATTAWA

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa ayoyin, kuma matsewarsu ta fi muni. Suna kafa hujja da Farawa 2:7, inda aka ce Annabi Adamu (A.S.) ya zama rayayye ne bayan an hura masa numfashi, sai su ce ke nan rai yana farawa da numfashin farko bayan haihuwa. Duk ɗalibin da ya karanta usulul fiƙhu zai gane cewa wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, domin Adamu bai taɓa zama a mahaifa ba, an halicce shi ne daga ƙasa. Yaya za a auna wanda yake motsi a ciki, zuciyarsa na bugawa, da jikin da bai taɓa motsi ba kafin a hura masa rai?

Suna kuma kawo Littafin Ƙidaya babi na 5, inda aka tsara yadda za a yi da matar da mijinta yake zargi da zina ba tare da shaida ba: limami ya ba ta ruwa gauraye da ƙurar wurin ibada, idan ta yi laifin sai cikinta ya kumbura cinyarta ta shanye. Suna cewa ga shi nan limami da kansa yana zubar da ciki. Alhali babin bai ce matar tana da ciki ba. Abin da ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi a bakin jama'a shi ne fassarar Turanci ta NIV, bugun 2011, wadda ta fassara wurin da ma'anar ɓari, saɓanin bugunta na baya.

Amma ɗora ayar son maƙwabci a kan allon tallar zubar da ciki, wannan ya wuce tawili ya zama wasa da littafi. Tambayar da ake jayayya a kanta tun farko ita ce ko wanda ke cikin mahaifar shi ma maƙwabci ne. Wanda ya kawo ayar a matsayin hujja ya riga ya cire shi daga lissafi kafin ya buɗe littafin.

AYAR DA MAFASSARA SUKA YI TA JUYAWA

Wuri guda ne kawai a duk littafin ya kusanci hukunci, shi ne Fitowa 21:22-25. Ana magana ne a kan maza masu faɗa da suka bugi mace mai ciki har abin da ke cikinta ya fito. Idan babu wata cuta da ta biyo baya, sai a ci tara. Idan kuwa cuta ta biyo baya, sai a yi ƙisasi, rai a bakin rai. A nan ne gizo yake saƙa. Shin fitowar nan ɓari ce, ko haihuwar bakwaini da rai? Kuma cutar da ake nufi, ta uwa ce ko ta ɗa? Idan ɓari ne kuma tara kawai aka ci, to ran ɗan tayi bai kai na haifaffe ba a wannan doka. Idan kuwa haihuwa ce da rai, kuma ƙisasin ya haɗa da mutuwar ɗan, to ransu ɗaya ne. Lafazin Ibrananci yana iya ɗaukar duka biyun.

Yahudawan Iskandariyya da suka fassara Attaura zuwa Girkanci wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) sun ɓullo da ma'ana ta uku. A fassararsu, idan ɗan tayin bai gama siffantuwa ba tara ce, idan ya siffantu kuwa ƙisasi ne. Wannan fassara ce Kiristocin farko suka fi karantawa, kuma a kanta manyan malamansu suka gina bambanci tsakanin cikin da ya siffantu da wanda bai siffantu ba.

A zamaninmu ma ba a bar ayar ta huta ba. Fassarar Turanci ta RSV ta 1952 ta ce ɓari. Fassarar NASB, wadda masu ra'ayin bishara suke alfahari da cewa tana bin lafazi sau da ƙafa, ta ce ɓari a bugunta na 1977, sai ga shi a bugun 1995 ta koma cewa haihuwa kafin lokaci. Mafassaran suna da hujjojinsu na lugga, kuma ba mu ce ƙarya suka yi ba. Amma mai hankali zai lura cewa rubutun Ibrananci bai canja ba tsakanin 1977 da 1995. Abin da ya canja a tsakanin shi ne matsayin majami'un da suke sayen littafin. Talaka kuwa da bai san Ibrananci ba, abin da aka buga masa shi ne maganar Ubangiji a wurinsa.

ABIN DA TARIHIN COCI YA NUNA

Masu cewa Kiristanci bai taɓa hana zubar da ciki ba sai a zamanin nan, tarihi ya ƙaryata su. Ƙaramin littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya hana shi ƙarara, a lokacin da Rumawa suke zubar da ciki suna kuma jefar da jarirai. A shekarar 374, Basil, bishop na Kaisariya, ya rubuta cewa mai zubar da ciki da gangan ta yi kisa, kuma ya ƙi yarda a bambanta tsakanin wanda ya siffantu da wanda bai siffantu ba.

Haka nan masu cewa coci ya kasance a kan magana ɗaya tun fil azal, su ma tarihi bai goyi bayansu ba. Agustin, wanda ya rasu a shekarar 430, ya ɗauki zubar da ciki a matsayin zunubi a kowane mataki, amma bai kira shi kisan kai ba kafin siffantuwa. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi ra'ayin Aristotal cewa ruhin ɗan Adam yana shiga ne bayan wasu makonni. Fafaroma Sixtus na 5 ya shafe wannan bambanci a 1588, Fafaroma Gregory na 14 ya dawo da shi a 1591, sannan Fafaroma Pius na 9 ya shafe shi gaba ɗaya a 1869. Kafin wannan hukunci na ƙarshe, masanin nan Karl Ernst von Baer ya riga ya gano ƙwan mace na dabbobi masu shayarwa a 1827, kuma ilimin halittar ɗan tayi ya rushe tsohon lissafin Girkawa. Ke nan haramcin tsoho ne a wurinsu, amma mizanin da suke auna girman laifin da shi ya yi ta sauyawa.

YADDA MASU BISHARA NA AMURKA SUKA JUYA

Babban abin mamaki shi ne saurin juyawar masu ra'ayin bishara a Amurka. A 1968, mujallar Christianity Today, wadda Billy Graham ya kafa, ta buga rubutun wani malamin Tsohon Alkawari mai suna Bruce Waltke, inda ya kafa hujja da ayar Fitowa ɗin nan cewa Attaura ba ta daidaita ɗan tayi da haifaffe ba. Bayan 'yan shekaru ya janye wannan ra'ayi. A 1971, babban taron 'yan Baftis na Kudu, ɗariƙar Furotesta mafi girma a Amurka, ya zartar da ƙuduri a birnin St. Louis yana neman a halatta zubar da ciki idan an yi fyaɗe, ko cikin ya samu tsakanin muharramai, ko ɗan yana da mummunar nakasa, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Sun sake jaddada shi a 1974, bayan hukuncin Roe. Tsohon shugabansu, W. A. Criswell na birnin Dallas, ya yi maraba da hukuncin a 1973, kodayake daga baya ya sauya. A waɗannan shekaru, yawancinsu suna kallon yaƙi da zubar da ciki a matsayin sha'anin 'yan Katolika.

A 1979, malamin nan Francis Schaeffer da likitan yara C. Everett Koop suka zagaya ƙasar da wani fim da ya girgiza majami'u. A shekarar ce kuma Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, wadda ta taimaka wa Ronald Reagan ya ci zaɓen 1980. A wannan shekara ta 1980, taron 'yan Baftis ɗin ya juya ya nemi a haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma a 2003 suka fito fili suka yi nadamar ƙudurorinsu na baya.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan dalili. Randall Balmer yana ganin abin da ya fara haɗa kan shugabannin shi ne fushin da suka yi lokacin da gwamnati ta janye sassaucin haraji daga makarantunsu masu nuna wariyar launin fata, daga baya aka ɗauko zubar da ciki saboda ya fi daɗin tallatawa. Wasu masanan, irin su Daniel K. Williams, suna ganin damuwar gaskiya ce da ta girma yayin da adadin zubar da ciki ya hauhawa bayan 1973. A ganinmu, komawa ga kare rai komawa ce ga abin da ya fi kusa da gaskiya, kuma babu aibi ga malami ya janye daga kuskure. Aibin shi ne a ce wa mabiya littafi ya faɗi haka ƙarara tun asali, alhali shekaru goma kafin haka an karanta musu littafin nan da akasin haka. Ƙarin aibi kuma shi ne mas'alar ta zama tutar jam'iyya, har aka wayi gari ana auna imanin mutum da inda ya jefa ƙuri'a.

INDA TAWILI YA KAI GA ZUBAR DA JINI

Wanda ya tabbatar wa kansa cewa fahimtarsa ita ce maganar Ubangiji, ba ya da nisa da ɗaukar doka a hannunsa. A watan Maris na 1993 aka harbe likita David Gunn a garin Pensacola na jihar Fulorida. A watan Yuli na 1994, a garin dai, wani tsohon fasto mai suna Paul Hill ya harbe likita John Britton da mai rakiyarsa, yana kafa hujja da littafi, kuma an zartar masa da hukuncin kisa a 2003. A ranar 31 ga Mayu na 2009 aka harbe likita George Tiller a cikin cocin da yake ibada a birnin Wichita na jihar Kansas. Manyan majami'u da ƙungiyoyin kare rai sun la'anci waɗannan kashe-kashe, kuma zalunci ne a ɗora laifin a kan dukkansu. Amma mu Musulmi mun san irin wannan hanya. Khawarijawa ma da ayoyi a bakinsu suka halatta jinin Musulmi, kuma Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya bayyana cutarsu da cewa suna ɗauko ayoyin da suka sauka a kan kafirai su ɗora wa muminai. Ƙasarmu ta ɗanɗana ɗacin irin wannan karatu.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Kada wani ya ɗauka wannan rigimar ta tsaya a Amurka. Tun 1984, a zamanin Reagan, aka kafa ƙa'idar hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin waje masu yi ko tallata zubar da ciki. Shugabannin jam'iyyar Democrat sukan soke ta, na Republican su dawo da ita, kamar yadda aka soke a 2021 aka dawo da ita a Janairun 2025, kuma duk juyin yana taɓa asibitoci da shirye-shiryen lafiya a Afirka. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a watan Satumba na 1994, fadar Fafaroma da wasu ƙasashen Musulmi sun tsaya a sahu ɗaya don kada a mayar da zubar da ciki hanyar tsara iyali, har Saudiyya da Sudan suka ƙaurace wa taron. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 ta Tarayyar Afirka, a sashe na 14, ta nemi a halatta shi a yanayin fyaɗe da tarayyar muharramai da haɗarin lafiya, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2004, alhali sashe na 232 na dokar Penal Code ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekaru 14 sai idan an yi don ceton ran uwa. A 2022, gwamnatin jihar Legas ta fitar da ƙa'idoji kan wannan al'amari, sannan ta dakatar da su bayan ƙorafin da ya taso, musamman daga Cocin Katolika. Saboda haka ranar da za a nemi matsayinmu a majalisa ko a asibiti tana tafe, kuma wajibi ne mu amsa da ilimi.

ABIN DA MUKE DA SHI, DA ABIN DA MUKE TSORO

Daga ni'imomin Allah a kanmu akwai cewa Alƙur'ani yana nan da lafazinsa na Larabci, kowace fassara ana iya mayar da ita gare shi a auna. Suratul Muminun daga aya ta 12 zuwa ta 14, da Suratul Hajji aya ta 5, sun jero matakan halittar ɗan tayi. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) a Buhari da Muslim ya ambaci matakai uku na kwanaki arba'in kafin a hura rai, wanda daga nan jumhurun malamai suka ɗauki kwanaki 120. Kusan irin mas'alar Fitowa ta faru a zamanin Manzon Allah (S.A.W.), lokacin da wata mata daga ƙabilar Huzail ta jefi wata da dutse har abin da ke cikinta ya mutu, sai ya hukunta a biya bawa ko baiwa saboda ɗan tayin, abin da malamai suka ƙiyasta da kashi ɗaya cikin ashirin na cikakkiyar diyya.

Duk da haka, malamanmu ma sun yi saɓani, kuma ɓoye wannan ha'inci ne. Sun haɗu a kan haramci bayan hura rai, malaman zamani kuma suka keɓe halin da ya tabbata barin cikin zai kashe uwa. Kafin hura rai kuwa, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne haramci tun daga lokacin da maniyyi ya tabbata a mahaifa, kodayake Allakhmi ya sassauta kafin kwana arba'in. Wasu Hanafawa sun halatta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Imam Gazali ya ɗauke shi laifi da yake ƙaruwa mataki bayan mataki. A 1990, majalisar fiƙhu ta Rabiɗatul Alamil Islami a Makka ta yarda da zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa da ba ta da magani, kuma iyaye suka nema. Abin lura shi ne waɗannan malamai sun san inda nassi ya tsaya da inda ijtihadi ya fara, kuma ba su kafirta juna ba.

Tsoronmu shi ne mu rasa wannan ladabi. Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗe mu cewa za mu bi sawun al'ummomin da suka gabace mu taki bayan taki, kuma Suratu Ali Imrana aya ta 7 ta siffanta masu karkatar zuciya da bin ayoyi masu kama da juna don neman fitina. Yau ga matashi ya haddace ayoyi uku daga fassara, ya hau Facebook yana yanke hukuncin da Imamu Malik zai yi taka-tsantsan kafin ya furta. Ga masu ra'ayin Turawa suna ɗauko maganar kwana 120 su yanke ta daga sharuɗɗanta, su ce Musulunci ya buɗe ƙofa. Ga kuma mai zafin kai da zai hana a ceci matar da take mutuwa a gadon asibiti, yana ganin taƙawa ce. Ga ɗan siyasa da yake neman malamin da zai ɗinka masa aya daidai jikinsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka muna kira ga malamanmu da masu wa'azinmu da su riƙa bayyana wa jama'a wane hukunci ne nassi yankakke, wane ne fahimtar malamai, kuma su tara dukkan nassosin babi kafin su yi fatawa. Muna kira ga likitocinmu Musulmi su zauna da malaman fiƙhu a fitar da bayani rubutacce da harshen Hausa, domin ungozoma da ma'aikacin jinya su san iyakarsu. Muna kira da a yi mu'amala da Kiristoci masu kare rai bisa adalci da kyakkyawar magana, kamar yadda Suratul Ankabut aya ta 46 ta koyar, a haɗa kai da su inda aka dace ba tare da an shiga rigar jam'iyyun wata ƙasa ba.

Sannan mu dubi gida. Yarinyar da aka yi wa ciki a wurin talla, wadda tsoron duka da gori ya kai ta bayan kantin magani ta sha abin da zai kashe ta, da jaririn da ake tsinta a kwata da asuba, su ne ainihin jarrabawar da ke gabanmu. Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci a Suratul An'am da Suratul Isra'i, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar da matar nan Bagamidiya har ta haihu ta yaye ɗanta saboda kiyaye ran yaron, duk da ta hanyar zina aka same shi. Al'ummar da take son a daina zubar da ciki, dole ta sauƙaƙa aure, ta ilmantar da 'ya'yanta mata, ta hukunta mai fyaɗe komai girmansa, ta tilasta wa namijin da ya yi ɓarna ɗaukar nauyinta, kuma ta daina jifan yaron da bai yi laifin komai ba da mummunan suna. Rassanmu na jihohi da ƙananan hukumomi suna iya fara wannan aiki ta hanyar kwamitocin marayu da na agaji da muke da su.

Muna roƙon Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya nuna mana ƙarya ya ba mu ikon guje mata, ya tsare mu daga faɗa a kan littafinsa ba da ilimi ba, ya shirya mana zuriyarmu.